Malamina ya ja mini jan bik a kan OR 3,5, ina kuskuren?

Nana Hadiza:
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya na Damagaram, ina wuninku. Ina da tambaya, tun shekaranjiya take cina. Ina shekarar ƙarshe, muna shirin rubuta kundin kammala karatu, sai malaminmu ya ba mu wani atisaye don hannunmu ya faɗa da lissafi. Alƙaluman na koyo ne, ba na wani bincike ba: yara 100 da ba sa kwana cikin sange, 60 sun yi masassarar cizon sauro a damina, yara 100 masu kwana cikin sange, 30 suka yi. Na zuba su a kwamfuta ta ba ni OR 3,5, wato awon alaƙar rashin sange da masassarar. Sai na rubuta cewa yaron da ba ya kwana cikin sange ya fi ɗan uwansa haɗarin kamuwa sau uku da rabi. Malam ya ja layi da jan bik a ƙarƙashin jimlar, ya rubuta "a sake dubawa", bai ƙara ko harafi ba. Na maimaita lissafin har sau uku, 3,5 ɗin dai ke fitowa. Don Allah ku taimaka mini.

Majo Lawali:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki rufe kwamfutar tukuna, ki dubi yaran. Nan 60, can 30. Ko mai ƙosai a bakin kasuwar Dole ta san 60 ninkin 30 ce sau biyu. To uku da rabi daga ina?

Nana Hadiza:
Haka ne Majo, na gani. Amma ai kwamfuta ba ta yi ƙarya ba?

Mushe Mamman Sani:
Ba ta yi ƙarya ba, ƙanwata. Tambayar da kika yi mata daban, jimlar da kika rubuta daban. Bari in ɗauko daga filin kokowa, don a nan ɗalibaina suka fi saurin ganewa.

Ɗan kokowa ya kara sau 10, ya kada abokan karawarsa sau 8, an kada shi sau 2. Kina iya cewa ya ci 8 cikin 10. Kina kuma iya cewa ci 8, faɗuwa 2, wato kowace faɗuwa ɗaya tana da ci huɗu. Mutum ɗaya ne, karawa ɗaya ce, amma awo biyu ne. Na farko yana auna ci da dukan karawar. Na biyu yana auna ci da faɗuwa.

A lafiya, awon farko shi ne haɗari: nawa suka kamu cikin duka. Na biyu shi ne wanda ake kira odis, ni kuwa a aji ina ce masa kamu-da-tsira: nawa suka kamu a kan nawa suka tsira.

Yanzu yaranki. Marasa sange, haɗari 60 cikin 100. Masu sange, 30 cikin 100. Raba 60 da 30, 2. Shi ne RR, gwada haɗari da haɗari. Kamu-da-tsira kuwa: marasa sange 60 sun kamu 40 sun tsira, 1,5 ke nan. Masu sange 30 sun kamu 70 sun tsira, kusan 0,43. Raba 1,5 da 0,43, ga 3,5 ɗinki. Shi ne OR. Lissafinki daidai, sunan da kika raɗa masa ne ba nasa ba.

Ga hanyar da za ki riƙa kama kanki. In da gaske haɗarin ya ninka sau 3,5, to 30 sau 3,5 nawa? 105. Yara 105 cikin 100 sun kamu ke nan. Kin ga ba ta yiwuwa.

Nana Hadiza:
Subhanallahi. 105 cikin 100! Yanzu na ga abin da Malam ya gani. Na gode Mushe.

Usaini:
Ni ajinmu ɗaya da Nana. Amma Mushe, a littattafan da muke karantawa ana cewa OR kusan daidai yake da RR. Ni ma da haka na haddace. Ke nan littattafan sun yi kuskure?

Lokotoro Zainabu:
Ba su yi kuskure ba Usaini, rabin jimlar ka haddace. Ragowar ita ce: in cutar ba ta da yawa a cikin jama'a. Kuma wannan rabin da ake mantawa shi ne ya fi shafarmu a nan.

Ka sauya alƙaluman Nana. A ce yara 1000 a kowane ɓangare, 6 suka kamu a nan, 3 a can. RR dai 2 ne. Kamu-da-tsira: 6 a kan 994, da 3 a kan 997. OR ya fito 2,01. Sun zama kamar tagwaye, domin waɗanda suka tsira sun kusa zama dukan jama'ar, raba da 994 ko da 1000 duk tafiyarsu ɗaya. Da zarar cuta ta yawaita, masu tsira sun ragu, sai OR ya kama gudu ya bar RR a baya. In RR ya haura 1, OR ya fi shi haurawa; in ya gaza 1, OR ya fi shi gazawa. Yawancin malamai suna cewa daga kashi 10 cikin 100 zuwa sama a fara hattara.

Asalin abin yana da kyau a sani. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka wallafa bincikensu a kan taba da kansar huhu a asibitocin Landan. Maza 649 masu kansar, biyu kaɗai ne ba sa shan taba. Maza 649 da aka gwada su da su, marasa kansar, 27 ne ba sa sha. In ka yi lissafin OR zai ba ka kusan 14. A 1951 wani masanin ƙididdiga na Amurka, Jerome Cornfield, ya nuna cewa irin wannan awo yana iya tsayawa a madadin RR, da sharaɗin cutar ta kasance mai wuyar samu. Kansar huhu ta cika sharaɗin.

To mu fa, me ɗalibanmu ke rubuta kundi a kai? Masassara a watan Agusta da Satumba. Tamowa a Magarya da Matamaye. Ƙarancin jini ga mai ciki. Gudawa ga yara. Haihuwa a gida. Babu ko ɗaya a ciki da za a ce yana da wuyar samu. Mun ari ma'aunin da aka ƙera don cutar da ke kama mutum ɗaya cikin dubu, muna auna cutar da ke shiga kusan kowane gida a unguwa. Shi ya sa kuskuren da Nana ta yi ya fi girma a Zinder fiye da a Landan.

Majo Lawali:
To Lokotoro, tunda haka ne a watsar da OR ɗin mana. Shekarata ashirin da wani abu a cibiyar lafiya ta CSI, ban taɓa ganin uwar da ta tambaye ni kamu-da-tsira ba. Abin da take so ta sani: ɗana zai kamu ko ba zai kamu ba, in na rataya sange me zai ragu. Awon da ba ya faɗuwa da Hausa a gaban mara lafiya, me amfaninsa?

Mushe Mamman Sani:
A nan kam ban bi ku ba, Majo. Akwai wurin da in babu OR sai dai a naɗe tabarma. Binciken Doll da Hill da Lokotoro ta kawo shi ne misalin: mai bincike ne ya zaɓi masu cutar da kansa, ya zaɓi marasa cutar da kansa, sannan ya waiwayi baya yana tambaya. A irin wannan ba a iya sanin haɗari, domin yawan masu cuta a teburinka kai ka ƙaddara shi.

Ku duba. Na je asibiti na ɗauki yara 100 masu masassara, 70 ba su da sange, 30 suna da shi. Na shiga unguwa na ɗauki yara 100 masu lafiya, 40 ba su da sange, 60 suna da shi. In na dage sai na fitar da RR: marasa sange 70 cikin 110, masu sange 30 cikin 90, ya ba ni kusan 1,9. Gobe na samu kuɗin mai, na ƙara zagaye, masu lafiya suka zama 200, 80 babu sange, 120 da sange. Yanzu 70 cikin 150 da 30 cikin 150, ya koma 2,3. Sauro bai sauya ba, sange bai sauya ba, yawan gidajen da na shiga ne kawai ya sauya, amma amsa ta motsa. OR kuwa? Na farko, 70 sau 60 a raba da 30 sau 40, 3,5. Na biyu, 70 sau 120 a raba da 30 sau 80, 3,5. Ko gezau. Wannan ita ce martabarsa.

Majo Lawali:
Na yarda da wannan. Amma ɗaliban da ke zuwa wurina da takardun tambayoyi ba irin wannan binciken suke yi ba. Suna zama a bakin ɗakin awo, duk matar da ta zo su tambaye ta, a rana guda su san wa ke da ƙarancin jini wa ba ta da shi. Ai su suna da duka a hannu. Me ya hana su raba kai tsaye?

Lokotoro Zainabu:
Kun taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, Majo. Ba abin da ya hana. Abin da ke faruwa shi ne, in ana son a cire tasirin wasu abubuwa kamar shekaru, talauci da nisan asibiti, hanyar lissafin da aka fi koyarwa ita ce wadda ake kira lojistik, ita kuma OR take haifarwa. Ɗalibi ya danna, OR ya fito, ya kwafa, ya rubuta "sau kaza". Akwai wasu hanyoyin, irin ta Puwason, da ke ba da awon da ya dace kai tsaye, sai dai ba kowa ke koyar da su ba. Ni ba na cewa a hana OR. Cewa nake duk wanda ya rubuta shi ya ajiye ainihin ƙidayar mutanen a gefensa.

Kuma kada ɗalibanmu su ɗauka su kaɗai ke faɗawa wannan rami. A 1999 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta wallafa wani bincike: an nuna wa likitoci 720 bidiyon 'yan wasa, baƙaƙe da farare, suna kwaikwayon masu ciwon ƙirji, aka tambaye su wa za su tura gwajin jijiyoyin zuciya. OR na baƙar fata ya fito 0,6. Manyan jaridu suka buga cewa damar tura baƙar fata ta gaza ta farar fata da kashi 40 cikin 100. Da aka koma ƙidaya, an tura kashi 84,7 na baƙaƙe da kashi 90,6 na farare. RR ke nan 0,93, ragin kashi 7. Bambancin yana nan, kuma abin damuwa ne, amma 7 da 40 ba ɗaya ba ne. Sai da wasu masana suka rubuta gyara a mujallar a cikin shekarar.

Usaini:
Akwai hanyar mayar da OR zuwa RR in mutum yana karanta aikin wani?

Mushe Mamman Sani:
Akwai, in ka san haɗarin rukunin da ake gwadawa da shi. Ka cire shi daga 1, ka ƙara da shi sau OR, sai ka raba OR da abin da ya fito. Na Nana: haɗarin masu sange 0,3. Cire daga 1, saura 0,7. Sannan 0,3 sau 3,5 ya ba da 1,05. Haɗa su, 1,75. Raba 3,5 da 1,75, ga 2. In OR ɗin wanda aka riga aka gyara da wasu abubuwa ne, amsar kusa-kusa ce kawai, kada ka rantse a kanta.

Hajiya Baraka ungozoma:
Sannunku da ƙoƙari. Ina biye da ku tun ɗazu, sai yanzu na sallami matar ƙarshe. Ni damuwata ko RR ɗin da kuke cewa ya fi sauƙi, shi kaɗai yana iya yin ɓarna.

Watannin baya wata mata ta shigo ɗakina, goyonta bai cika shekara ba, haihuwarta ta bakwai, ta ƙarshen sai da aka ƙara mata jini. Ta zauna ta kwance bakin zanenta, ta fito da fakitin ƙwayar tazarar haihuwa, ta sha kwana tara ta tsaya. Ta ajiye mini a kan tebur ta ce, "Hajiya, ga kayanku." Na ce lafiya? Ta ciro waya ta kunna mini wata murya da aka turo wa mijinta, wani yana cewa likitocin Turai da kansu sun ce ƙwayar tana ninka haɗarin daskarewar jini. Hannunta har rawa yake. Kalmar "ninka" ita ta tsaya mata a rai.

Kuma maganar tana da tushe, shi ya sa take da wuyar warwarewa. A watan Oktoba na 1995 hukumar kula da lafiyar magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi cewa wasu sababbin ƙwayoyin sun ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya in an gwada su da na da. Gaskiya ne. Amma daga nawa zuwa nawa? Daga kamar mace 1 cikin 7000 zuwa 2 cikin 7000. Mata da yawa suka daina sha don tsoro, aka ƙiyasta ƙarin zubar da ciki kusan 13 000 a Ingila da Wales a shekarar da ta biyo. Ga shi kuma ciki kansa ya fi ƙwayar jawo daskarewar jini.

Abin da na yi, na tambaye ta mutum nawa ne a garinsu, na ce ta ɗauka duk matan garin da na ƙauyukan kewaye aka tara, ɗaya ce ta zama biyu. Sannan na tuna mata daren da aka yi ta neman mai ba ta jini. Na auna hawan jininta, na tambaye ta ciwon kai da sauran abubuwan da ke hana shan ƙwayar, na gaya mata akwai allura da ashanar hannu in ta fi so. Ta yi shiru, ta ɗauki fakitin ta mayar bakin zane ta ɗaure.

Lokotoro Zainabu:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Ɗalibai, ku riƙe wannan labarin fiye da duk lissafin da muka yi. Ninki biyu na 1 cikin 7000 ƙarin mace ɗaya ce. Ninki biyu na yaran Nana ƙarin yara 30 ne cikin 100. RR ɗinsu ɗaya, nauyinsu a ƙasa ba ɗaya ba.

Haruna mai farmasi:
Tunda an zo nan, a warware mini ta kilishi. Wani abokin cinikina ya rantse ya daina ci, wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kawo kansa.

Lokotoro Zainabu:
A Oktoban 2015 cibiyar binciken kansa ta hukumar, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar babban hanji. Cikin misalan da ta bayar akwai busasshen nama mai gishiri, don haka kilishi ba shi da nisa da rukunin. Alƙalamin shi ne: giram 50 kowace rana yana ƙara haɗarin da kashi 18 cikin 100. Kowace rana fa, shekara da shekaru. A Ingila, inda kusan mutum 6 cikin 100 ke samun cutar a tsawon rayuwa, wannan yana mayar da 6 zuwa kusan 7. Wanda ke sayen kilishin jika ɗaya in ya yi baƙo ba shi ake nufi ba.

Ga wani kashi 18 ɗin kuma, na ƙasarmu. Binciken MORDOR da aka wallafa a 2018, inda aka riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin azitromisin sau biyu a shekara a Nijar, Malawi da Tanzaniya. A Nijar, a jihar Doso aka yi, mace-macen yara ya ragu da kashi 18: daga kimanin 27 cikin 1000 a shekara zuwa kimanin 22. Yara biyar ke nan a kowane dubu, kowace shekara. Ka ninka da yawan yaran jiha ɗaya ka ga iyaye nawa ne ba su je maƙabarta ba. Lamba ɗaya ce, 18, amma sai ka tambayi kashi 18 na me, cikin wane lokaci.

Majo Lawali:
Abu ɗaya ya rage mini a kan sangen. Gidan da ba su da shi sau da yawa shi ne gidan da ke bakin tafki, ɗaki ba ƙyaure, yara ba su ƙoshi ba, asibiti da nisa. Ko RR ya ce 2, ba lalle duka laifin rashin sange ba ne.

Mushe Mamman Sani:
Gaskiyarku Majo. OR da RR duka alaƙa suke nunawa, ba sa rantsuwa a kan sanadi. Kuma Nana, kada ki manta da lambobi biyun da kwamfuta ke sakawa a gefen amsa, iyakar ƙasa da ta sama. In 1 ta faɗo tsakaninsu, alƙalumanki ba su isa su kore cewa babu bambanci ba, kome girman lambar tsakiya.

Nana Hadiza:
Na sake rubutawa, ku duba mini: "Cikin yara 100 marasa sange, 60 sun yi masassara, cikin 100 masu sange, 30. Haɗarin marasa sange ya ninka na masu sange sau 2, wato ƙarin yara 30 a kowane 100. OR ya kai 3,5, amma tunda cutar ta yawaita a rukunin biyu, ba za a karanta shi a matsayin ninkin haɗari ba."

Lokotoro Zainabu:
Ta yi, 'yata. Ki ƙara "a damina ɗaya" bayan "masassara", don haɗari ba ya tsayawa sai da lokacinsa. Ki sa iyakokin RR ɗin kamar yadda Mushe ya ce. Kuma in kin zo kundinki na gaske, kafin ki zaɓi awo ki fara sanin ta yaya kika tara mutanenki: ke kika zaɓi masu cuta da marasa cuta, ko kuwa kin ɗebo jama'a ne kika ƙidaya.

Nana Hadiza:
A kan ƙarancin jini ga masu ciki nake son yi, a ɗakin awo, duk wadda ta zo.

Hajiya Baraka ungozoma:
To ki shirya, ba kaɗan za ki samu ba. In an ba ki takardar izini ki zo da safe ranar awo, kafin ƙarfe takwas, in nuna miki rajistar da yadda muke rubuta sakamakon jinin.

Nana Hadiza:
In sha Allahu Hajiya, na gode. Gyaran kuma zan kai wa Malam ranar Litinin.